Lungunan Cikin Batir

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu raina a ɓace yake. Kafin in kwanta wayata ta ɗau zafi, sai na jona ta da fawa banki na cusa cikin ƙanƙarar zoɓon matata Ladidi. Alhaji Ɗanlami mai motocin kaya ya ce zai kira da asuba, direban da ya fara ɗauka shi ke da aikin. Ni kuwa direba ne, tun damina nake zaman banza.

Sai ga ni cikin batirin wayar, ɗan dako, kwandon caji a kaina. Mu dubbai ne, kowa sunansa Litiyam, wato sinadarin cikin batir. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana jiƙa mana haɓa.

Garin da za mu sauke kayan baƙi ne ƙirin irin bakin fensir, an gina shi hawa-hawa, a kwance ake kutsawa tsakanin hawa da hawa. Layi ya tsaya cik. Wani bunsuru mai tabarau ne ke tsaron ƙofa.

Na ce, "Yallaɓai, me ya riƙe mu?"

Ya ce, "Lungunan dogaye ne, kuma matsattsu. Na gaba bai kai ƙurya ba, na baya ba ya shiga."

"Wane mugun magini ne ya yi wannan aika-aikar? Da ƙananan gidaje aka yi, ƙofa ta ko'ina, ai da tuni mun sauke."

"Haka ma ana lallaɓawa. Yau ne wani shashasha ya tura garin cikin ƙanƙara, ƙafafu suka yi nauyi."

Na dinga zagin shashashan nan har muryata ta dushe. Bunsurun yana ta gyaɗa kai.

Can sai ga ni a jikin bango. Waɗanda suka kasa shiga suna hawa kan juna suna daskarewa, suna zama ƙaya. Sama ta fara ruri, sunan Alhaji a rubuce jikin gajimare. Na tura na gabana, na roƙe shi, na mare shi. Ko gezau. Sanyi ya kama ni daga gwiwa har wuya, ga caji a kaina, taku kaɗan ya rage.

Hon ɗin mota ne ya tashe ni. Rana ta fito. Ladidi na tsaye a kaina, ta miƙo min wayar a mace, tana ɗigar zoɓo.

Ta ce, "Maigida, Sallau maƙwabci ne a waje da motar Alhaji. Wai ka zo ka janye babur ɗinka zai wuce."