Birnin Masu Ɗage Zama

Saura kaɗan in bar wannan mafarki a cikina. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a gidanmu ni ba mai baki ba ce. Amma abin ya hana ni sakat, shi ya sa na rubuta. Wanda ya ga kuskure ya gyara.

Sunana Sahura, daga Rafin Ɗinya. A garinmu kububuwa ta fi yunwa kashe manoma, kuma asibitin da ke da maganin dafinta yana da nisa ƙwarai. A hanyar zuwa can yayana Isiyaku ya cika. Da aka ce ƙudurin gina mana asibitin saran maciji ya isa majalisar dattawa, kuma za a saurari jama'a, sai manyan gari suka taho da ni babban birni in faɗi abin da na gani. Muka yi ta zuwa, ana ɗagewa. Yau ta'aziyya, gobe wakilai ba su cika ba, jibi wata magana ta shiga gaba. Da ruwa ya sauka, manya suka koma shuka, suka bar ni a ɗakin Gwaggo Hajo mai sayar da tuwo, wadda ba ta wuni a gida.

An nuna mini shugaban kwamitin da ke tsara abin da majalisa za ta tattauna da ranar da za a yi shi. Kullum yana wucewa ta gabana a barandar majalisa, kullum ina sunkuyar da kai. Ga majalisa tana dab da tafiya dogon hutu. In ba a sa rana kafin nan ba, sai bayan girbi, alhali lokacin girbi maciji ya fi sara. Na gaji. Na ɗaure kayana na ce gobe zan bi motar gida. Bayan na yi sallar la'asar, barci ya ɗauke ni a kan darduma.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni da ba shi da inuwa. Rana tana tsaye a tsakar sama, ba ta gaba, ba ta baya. Mutane maƙil, amma ba mai duban wani. Wata tsohuwa mai sanda ta kama hannuna ta ce, "Taho, 'yar nan. Nan ne ake biyan waɗanda aka ba wa amanar lokacin mutane."

Muka fara isa wata rijiya. Maza masu manyan riguna sun yi layi, leɓunansu sun tsattsage. Duk wanda ya kai bakin rijiyar, ya miƙa hannu ga guga, sai wata murya ta ce, "An ɗage zuwa zama na gaba." Sai ya koma ƙarshen layi.

Na ce, "Iya, me suka yi?"

Ta ce, "Masu tsara ranaku ne, daga ƙasashe da zamanai daban-daban. Ba su taɓa ce wa talaka a'a ba. Suna dai sa kukansa a ƙarshen ayyukan rana, inda suka san lokaci ba ya kaiwa. Su ma ba a hana su ruwa ba. Ɗagewa ake yi."

Gaba kaɗan na ga wani, wuta ta kama gefen rigarsa, ga tulun ruwa a gabansa. Amma ba a yarda ya roƙa ba sai ya gama gaisuwa. Yana ta cewa, "Mai girma shugaba, mai girma mataimaki, 'yan'uwana masu daraja," wuta kuwa ta kai ƙirjinsa. Da ya zo kan maganar ruwa, sai aka buga guduma aka ce lokacinsa ya ƙare. Tsohuwa ta ce, "Wannan ya cinye lokacin muhawara da kirari da taya murna." Na ga wasu ɗauke da duwatsu a ka, suna shiga ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki a ce su kai wa ƙaramin kwamiti.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani babban zaure. Kujeru ne iya ganin ido, ba kowa a kansu sai mutum guda, yana kururuwar a cece shi. Muryar nan ta ce, "Ba ku cika ba, ba za a saurare ka ba." Ya waiga dama da hagu, ya kira sunayen abokansa, amsa-kuwwa kawai ke dawo masa.

Na ce, "Iya, ina sauran?"

"Kowa yana nasa zauren, shi kaɗai. Su ne masu sulalewa waje idan an zo kan maganar da ba ta amfane su ba, don zama ya watse."

"To duk mugaye ne?"

"Da yawansu masu salla ne da kyauta. Sun dai ɗauka cewa wanda ke jira ba ya mutuwa."

Na yi zaton mun gama. Sai ta bi da ni wata doguwar baranda. Mutane masu kaya irin namu suna zaune a jere, kawunansu a sunkuye, wuyansu ya sandare. A ƙarshen jerin akwai gurbi, da ƙunshin kayana a ciki, ɗaurin hannuna. Daga nan na hango gonakin garinmu. Mutanenmu sun duƙa suna yankan gero, ga kububuwa a naɗe ƙarƙashin dami, wata mata tana miƙa hannu. Na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita.

Tsohuwa ta ce, "Waɗannan an aiko su da magana, suka mayar da ita gida a ƙunshe. Suka ce kunya ce."

Da ƙyar na ce, "Iya, ni ba kowa ba ce."

Ta ce, "Masu rijiya za su ce ba wanda ya tare su ya tambaya. In aka juyo kanki, me za ki ce?"

Ta saki hannuna. Na waiga, babu ita. Ni kaɗai ce tsaye a gaban gurbin.

Na farka ana kiran magariba, jikina sharkaf da gumi, ɗakin ba kowa. Allah ne masanin gaskiyar mafarki, amma na yi kuka na nemi gafara.

Da gari ya waye na kwance kayana, na tafi majalisa. Da shugaban kwamitin ya taho da mutanensa, na durƙusa a tsakiyar hanyarsa. Wani dogari ya ce, "Ke, matsa mana!" Na ce, "Ranka ya daɗe, maciji ya sari yayana, a cinyata ya mutu a hanyar asibiti. Maganar asibitinmu ce ba a sa mata rana ba."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Za mu duba, 'yata."

Ya ɗaga ƙafa zai wuce. Na ɗago kai na dube shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wace rana?"

Ban tashi daga wurin ba.