Man Keken Yaya da Jigida Shida

Wata uku aka ba ni na gwaji a ɗakin gyaran makamai na makarantar horar da kurata, kuma ranar da zan ba da labarinta ita ce ta ƙarshe a cikinsu. Ni ba soja ba ne. Difloma gare ni a fannin kanikanci, shi ya sa tun ranar farko sunana ya ɓata a barikin, kowa ya koma kirana Difloma. Takardar tabbatar da ni a aiki tana cikin aljihun rigar Baba Sajan, shugaban ɗakin, a ninke gida huɗu. Idan ya sa mata hannu na zama ma'aikaci, idan bai sa ba na koma gida zaman jiran tsammani kamar yadda na yi shekara biyu a baya.

Aikin da ya ɗora mini ya shafi bindiga mai jigida. Jigidar ba ɗinkakkiya ba ce, ƙananan ƙarafa ne masu zobe, sojoji suna kiransu linki, kowane harsashi yana riƙe biyu daga cikinsu har su zama doguwar sarƙa. Idan aka yi harbi, bindigar tana tofar da su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sababbi ba su iso ba, ga bikin yaye kurata ya matso, don haka aka ce in tattara waɗanda aka tsince a filin harbi, in zaɓi masu kyau, in haɗa jigida shida da harsashi marar kai, irin mai ƙara kawai, wanda za a harba a gaban Kwamanda da iyayen yara.

"Ka ji al'adarmu," in ji Baba Sajan, "wanda ya haɗa jigida shi yake tsayawa a bayan bindiga. In ta tafi, kai ne. In ta shaƙe, kai ne dai."

Kwana tara na yi a kan wannan aiki. Na auna kowane linki da ma'aunin ƙarfe, na ware wanda ya buɗe baki, na ware wanda ya tsage, na ware mai tsatsar da ta ci jiki. Cikin bokiti huɗu na sami dubu ɗaya da ɗari biyu da zuciyata ta kwanta da su. Da na gama sai na dube su a kan tebur, na ga sun yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. A makaranta an koya mana cewa ƙarfen da ke motsi a kan ƙarfe yana son mai. Man da ke ɗakin kuma mai kauri ne, ban yarda da shi ba. Na tuna da kwalbar man keken ɗinkin Yayata, siriri, mai tsabta kamar ruwa.

Da safiyar bikin, ina ɗaura igiyar takalmi a bakin ƙofa, Yaya ta fito daga ɗakin ɗinkinta riƙe da kwalbar a kife.

"Inna, zo ki gani! Wani ya shanye mini man keke. Ko ɗigo babu."

"Ba sha na yi ba, Yaya, aiki na yi da shi."

"Aikin gwamnati da man kekena? To ka gaya wa Kwamandanku in ya ji bindigarsa tana ɗinki, nawa ne."

Inna ta leƙo daga kicin tana dariya, ta ce, "Ki ƙyale auta, yau ranarsa ce. Kin san shi, ko cokali zai ɗauka sai ya auna. Allah ya ba da sa'a, ɗan nan. Ka ci wani abu dai."

Ban iya ci ba. Ƙarfe bakwai ina ɗakin gyara, na shimfiɗa jigidojin shida a kan dogon tebur. Hasken taga ya sauka a kansu suna ƙyalli. Gaskiya ban taɓa yin abin da ya ba ni sha'awa irinsu ba.

Baba Sajan ya shigo da kofin shayinsa. Ya ja yatsa a kan jigida ta farko, ya duba yatsan, ya kai hanci.

"Difloma, wannan ƙamshin fa? Shagon tela muka buɗe?"

Na yi masa bayani a tsanake, har da abin da littafi ya ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauki jigidar ya fita da ita tsakar gida, ya jefa ta ƙasa, ya ja ta taku uku, ya ɗaga. Yashi ya manne mata ciki da waje kamar an tsoma ta a gari.

"Littafinka a kan tebur yake harbi," ya ce. "Yaran nan da gudu za su zo, su faɗi rub da ciki, jigida tana jan ƙasa. Busasshiya za ta kakkaɓe. Wannan kuwa duk yashin filin za ta kai wa bindiga. Harsashi goma ba za ta yi ba."

Na dubi agogo. Ƙarfe goma sha ɗaya za a fara harbi.

"Ranka ya daɗe, in aka warware su aka wanke da kananzir, aka shanya..."

"Dubu da ɗari biyu? Kai kaɗai?"

"Zan iya. Wato, zan gwada."

Ya kurɓi shayi yana kallona, sannan ya juya ya ƙwala kira, "Kofur Kunne!"

Kofur Kunne shi ne malamin kurata a kan babbar bindiga. Shekara ashirin na harbi sun tafi da rabin jinsa, saboda haka da ihu yake magana ko da gaisuwa ce. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya har ya dafa bango.

"Man keke! Difloma, ka mai da mini bindiga amarya! Ku zo nan, ku goma, da gudu!"

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kurata goma cikin kayan faretinsu masu guga suka naɗe hannun riga. Na raba su uku ba tare da na san ina ba da umarni ba: huɗu suna zare harsasai suna goge su da tsumma, uku suna girgiza linki a daro biyu na kananzir, uku suna baza su a kan tamfol a rana. Ƙarar ƙarafan a cikin daro ta cika tsakar gidan. Wani kurtu ya fara rera lissafi, saura suka karɓa, Kofur Kunne yana buga murfin bokiti ba daidai da kowa ba tunda ba ya jin su.

"Yallaɓai Difloma, wannan ya bushe?"

"Juya shi tukuna. Kar ka taka tamfol! Don Allah kar ka taka!"

Haɗawar kuwa ban yarda kowa ya taɓa ba. Na zauna a gaban ɗan injin matsawa mai hannu, ina jerawa ina dannawa, ina bin kowace jigida da yatsa don in ji ko wani harsashi ya fi 'yan'uwansa fitowa. Babban yatsana ya tsage, na ɗaure shi da ƙyalle na ci gaba. Daga filin fareti muna jin badujala ta fara. Jigida ta huɗu ta kammala ƙarfe goma da kwata. Ta shida kuwa ina danna harsashinta na ƙarshe direban motar da za ta kai mu filin harbi yana matsa oda.

Baba Sajan ya ɗauki guda, ya jefa ƙasa, ya ja, ya ɗaga, ya kaɗa. Yashin ya zube.

"Shiga mota," ya ce.

A filin harbi an kafa rumfa, iyaye sun cika ta, Kwamanda yana tsakiya. Aka tsayar da ni taku biyar a bayan bindigar, aka ba ni abin toshe kunne. Kurata biyu suka taho da gudu, suka faɗi rub da ciki, jigidata tana jan ƙasa a bayansu kamar yadda Baba Sajan ya faɗa. Na rufe ido, na sake buɗewa don kada a ce na rufe.

Bindigar ta buɗe baki. Ƙarar ta shiga ƙirjina, linki suna tsalle daga gefenta suna zuba a ƙasa. Na sami kaina ina ƙidaya da ƙarfi. Ta farko ta ƙare tas. Ta biyu ta bi ta. Mata a rumfa suna ihu, wani dattijo ya miƙe yana nuna ɗansa da sanda. A ta uku na ji ina tsalle, ni da ban taɓa tsalle a gaban mutane ba.

Ana tsakiyar ta biyar bindigar ta yi shiru.

Shirun ya fi ƙarar nauyi. Na ji kowane ido a rumfar ya sauka a ƙeyata. Ƙafafuna suka kai ni gaba da kansu, bakina yana cewa, "Laifina ne, bari in duba, laifina ne."

Kofur Kunne ya tare ni da hannu ɗaya.

"Ina za ka? Bututu ya yi zafi, canza shi suke! Cikin wasan ne! Koma wurinka kafin ka ƙone!"

Kafin in koma taku biyar ɗin sun ɗaura wani bututun, bindigar ta ɗauka daga inda ta tsaya. Ta cinye ta biyar, ta cinye ta shida har harsashi na ƙarshe. Kurtun da ke harbin ya ɗaga hannu, rumfa ta kaure da tafi.

Ban san Baba Sajan yana bayana ba sai da na ji an dafa kafaɗata.

"Duƙa," ya ce.

"Ranka ya daɗe?"

"Duƙa mana, babu tebur a nan."

Na duƙa. Na ji ya shimfiɗa takarda a gadon bayana, na ji bakin biro yana tafiya a kan rigata da ta jiƙe da gumi.

"Tsaya cak, Difloma, rawar jikinka za ta ɓata mini sa hannu. Litinin ƙarfe bakwai. Akwai bokiti tara na linki a bayan ɗaki da ban nuna maka ba."