Tafasasshen Ruwa

A gidansu Mai Duwatsu ake ce mata, tun hutun da ta dawo daga jami'a da jaka cike da tsakuwa. Yayanta ya ce 'ya'yan mutane na karatun likita, tasu ta tafi koyon ƙasa, sai ka ce ƙasar ta ƙare a tsakar gida. Ta dai gama kimiyyar ƙasa da muhallinta, ta samu aiki can nesa a wani kamfani mai gwajin ruwa. Dole ta bar 'yarta, da ba a daɗe da yayewa ba, a hannun mahaifiyarta.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne filin bayan gidansu, inda ake fasa tsofaffin baturan mota, a tuttular da ruwansu a ƙasa. Rijiyar gidan kuwa tana jikin katangar. Wani zuwa da ta yi, ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai ɗakin gwaji.

Sakamako ya fito. Gubar dalma ce, fiye da abin da jikin yaro zai ɗauka. Ga motar aiki tana jiranta a ƙofa, za su shiga dajin da waya ba ta shiga. A tsaye ta kira gida.

"Mama, ruwan rijiyarmu ya gurɓace. Don Allah ki kiyaye min yarinyar nan."

"To, uwar iyayi. Ni da na raine ki, ke za ki koya min raino?"

Direba ya danna hon, ta kashe wayar. Haka masu karatu suke: kalmar da suka saba da ita a ofis, gani suke kowa ya san nauyinta.

Aikin ya ja makonni. Ranar da ta dawo, yarinyar ba ta rugo ba. Tana kwance a tabarma ta riƙe ciki, ta rame, 'yan kalmomin da ta fara faɗa duk sun ɗauke.

"Haƙori take yi," in ji Mama. Ta ja ta zuwa kicin, ta nuna mata wata ƙatuwar tukunya a kan wuta, fuskarta cike da alfahari. "Tun ranar da kika kira, ko ɗigo takwarata ba ta sha ba sai na tafasa. Ba tafasar ganin ido ba, barinsa nake har ya ƙone rabi."

Mai Duwatsu ta dafa bango. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ruwanta da wuta. Ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna ta ƙara ƙarfi.

Ta saɓi yarinyar a kafaɗa, ba nauyi ko kaɗan.

"Ɗauko mayafinki, Mama, asibiti za mu."

Tsohuwar ta kalli tukunyar, ta kalli 'yarta, murmushin ya fara gushewa.

"Ko bai tafasa sosai ba ne?"