Shafi Biyu a Kan Littafin Yaya

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo ta yi tana miƙa wa marasa lafiya magani ta wata 'yar taga a asibiti. A shekarar da ta yi ritaya ne yayanta ya rasu. Su biyu kaɗai iyayensu suka haifa. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, shi ya sa sunan da 'yar yayan nata take kiran ta da shi ya bi ta har bakin maƙwabta.

Ranar da aka kwashe kayan ɗakin mamacin, aka jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da kwafin littafi ɗaya. Gajerun labarai tara ne da ya buga tun yana saurayi, lokacin yana koyarwa a firamare. 'Yarsa ta ɗauki guda, ta hure ƙurar da ke bangon.

"Gwaggo, wai akwai wanda ya taɓa karanta wannan kuwa, ban da 'yan gida?"

"Sosai ma," in ji Gwaggo. Ita kanta ba ta taɓa wuce labari na biyu ba. Lokacin da littafin ya fito aiki ya sha mata kai, daga baya kuma kunya ta hana ta faɗa masa.

Yarinyar ta koma garin mijinta, kwalin ya tare a ɗakin Gwaggo. Tambayar kuwa ta ƙi barin ta. Ran nan da safe ta saka kwafi ɗaya a jaka, ta hau bas zuwa babban laburaren jami'a.

Aka yi mata katin baƙi, aka nuna mata sashen manazarta a hawa na biyu. Jami'in wurin wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, gilashinsa rataye da zare a wuya.

"Mama, me ake nema?"

Ta ajiye littafin a gabansa. "So nake in san ko wani ya taɓa rubuta wani abu a kan wannan."

"Sharhi ke nan." Ya buga sunan marubucin a kwamfuta, ya buga sunan littafin, ya sake bugawa da wani salon rubutun. Babu komai. Ya ga yadda ta fara jan jakarta, sai ya ce, "Kada ki tashi tukuna. Wannan na'urar yarinya ce, ba ta san abin da aka yi kafin a haife ta ba. Tsofaffin mujallu ba a gama shigar da su ba."

Ya kai ta wata kanta a can ƙurya, inda aka jera wasu manyan littattafai masu baƙin bango. Fihirisa ce, in ji shi, kowace shekara da nata kundin, an jera sunayen marubutan da aka yi sharhi a kansu bi da bi. Ta fara daga shekarar da littafin ya fito, ta yi gaba.

Aikin bai ba ta tsoro ba. Wadda ta saba karanta rubutun likitoci ba ƙananan haruffa ne za su gagare ta ba. Ta sayi rula tana bin layi da ita. Kullum ƙarfe tara tana kan teburin da ke kusa da taga. Ɗalibai na shigowa bibbiyu, uku-uku, suna raɗa suna danne dariya, wani lokaci ɗaya ya ja kujerar da ke kusa da ita ya kai wani tebur ba tare da ya dube ta ba. Da rana takan sauka ta zauna a benci a bayan ginin, ta ci burodinta da shayin da ta zo da shi a fulas. Akwai ranakun da in ta koma gida ta tuna, ban da gaisuwar mai gadi da ta jami'in, ba ta yi magana da kowa ba.

Kundi goma sha biyu ta bi. Sunan yayanta bai fito ba. Sau biyu ta ga suna mai kama da nasa, ashe wani ne daban.

"To, sai mu gwada kundayen digiri," in ji jami'in. "Ba sai kin karanta su duka ba. Ki buɗe ƙarshe, inda ɗalibi ya jera abin da ya duba. Mai bincike ba ya iya ɓoye sawunsa."

A mako na uku, a ƙarshen wani kundi a kan gajerun labarai, ta ga sunan littafin. An yi kuskure a sunan yayan nata, an sauya harafi ɗaya, amma shi ne. A ƙarƙashinsa kuma ga sunan wata mujalla, da shekara, da lambar shafi. Ta tashi da sauri har rular ta faɗi ƙasa, kowa ya juyo.

Mujallar tana ma'ajiya a ƙasan ginin. Ta cika takarda, aka ce ta dawo jibi. Da jibin ya yi, jami'in da kansa ya ɗauko mata, an ɗinke fitowar shekara guda a bango ɗaya, takardun sun yi ruwan ƙasa. Ya buɗe mata shafin, ya koma teburinsa.

Shafi biyu ne, wata malamar adabi ta rubuta. Ba ta yi wa littafin sassauci ba. Ta ce marubucin yana da gaggawa, yana yawan wa'azi, labarai shida daga cikin tara da ya bar su a aljihun tebur da ya fi. Gwaggo ta ji ranta ya ɓaci, har ta ce a fili, "Ji mata!" Amma ta ci gaba. A sakin layi na ƙarshe malamar ta ce labari na bakwai shi kaɗai ya isa a sayi littafin dominsa: labarin wata ƙanwa da ke raka yayanta tashar jirgin ƙasa duk lokacin da zai koma makaranta, tana riƙe masa jaka, ba ta cewa komai. "A nan kaɗai," in ji ta, "marubucin ya yi shiru ya bar mu muka ga mutum. Da alama ya san yarinyar nan, kuma yana jin nauyin bai taɓa tambayar ta yadda take komawa gida ita kaɗai ba."

Gwaggo ta ciro littafin daga jaka, ta nemo labari na bakwai. Ga jakar mai tsinkakken hannu, ga takalminta na roba da yake cizon ta a dunduniya. Har ƙaramin tabon da ke haɓarta ya saka. Ta karanta shi daga farko har ƙarshe.

Da ta sauko ta kira 'yar yayanta daga bencin.

"Na samo. Wata malama ta rubuta a kan littafin babanki."

"Kai, Gwaggo! Dama da gaske kike nema? Me ta ce?" Ana jin kukan jariri da ƙarar famfo a bayanta.

"Ta ce akwai labari ɗaya da..."

"Gwaggo yi haƙuri, wannan yaron zai fasa min kunne. Ɗauki hotonsa ki turo min, zan kira ki."

Ta ɗauki hoton, ta tura mata. Ta zauna da wayar a hannu har allon ya yi duhu.

Ta koma sama don ta mayar da mujallar. Jami'in ya karɓa.

"Mama, marubucin nan wani naki ne?"

"Yayana ne."

"Allah ya jiƙansa," ya ce, don ya gane daga muryarta. "Na duba, ba mu da littafin a nan. Muna da sharhinsa, ba mu da shi. In akwai kwafin da za ki iya ba mu..."

"Akwai talatin da huɗu."

Ya yi dariya. "Biyu sun isa."

Ya miƙo mata takardar bayar da kyautar littafi. Ta rubuta sunan yayanta harafi bayan harafi, yadda ba za a yi kuskure ba. Da ta zo gurbin shekarar haihuwa da ta rasuwa, ta cika na farko, ta tsaya a na biyu. Jami'in ya juya yana gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara, har ta gama.

"Zuwa wata mai kamawa zai hau kanta," ya ce. "Katinki kuma bai ƙare ba, saura wata biyar."

Ta ce ta gode. Ta sauka a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala, ta tsaya a bakin titi tana jiran bas.