Maganin Tsutsar Auduga

Barakatu ta dafe kai da hannu biyu tana susa kamar za ta tsige gashin. Rabo yana bakin rumbu yana yi wa fartanya ƙota, amma idonsa na kanta. Shekararta shida, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta komai sai Uwata. Duk Tafoki an san ana iya taɓa Rabo a kwana lafiya, amma ban da yarinyar nan.

Ƙwarƙwata ce ta addabe ta. Uwarta Hajaratu ta tsefe, ta taje, ta shafa toka da man shanu, duk a banza. Da ta ambaci aski kuwa, Barakatu wuni ta yi tana kuka, don Sallah ta matso, an kuma yi mata alkawarin kitso.

A shekarun nan arzikin mai ya shigo ƙasa, ko'ina zancen rediyo da babur ake yi, amma abin da ya iso gidan Rabo bai wuce buhun takin zamani da galan ɗin maganin feshin auduga ba. Maƙwabcinsu Malam Salihu, hedimasta, da 'ya'yansa suka kwaso irin wannan ƙaiƙayi, babur ya hau ya sayo musu sabulun kemis a Funtuwa. Rabo ya tambayi farashin, aka gaya masa, ya ga ya fi ƙarfinsa.

Sai ya tuna gonarsa. Feshi ɗaya ya yi, tsutsa ta zube. Ya ɗauko galan ɗin ya jujjuya. Akwai rubutun boko layi-layi a jikinsa, da hoton ƙoƙon kan mutum. Daga shi har Hajaratu ba wanda ya taɓa zama a aji, a ganinsu hoton ƙarfin maganin yake nunawa.

"Taho, Uwata," in ji shi. "Yau ni ka raba ki da 'yan banzan nan."

Ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ya murza mata maganin har fatar kai, yana yi mata waƙa, ya ɗaure da kallabi don ya ratsa. Washegari ko ɗaya ba ta rage ba. Barakatu ta ɗan yi amai da jiri, aka ce zazzaɓi ne. Ranar Sallah ta fita da kitsonta tana taƙama, Rabo ya fi ta murna. Tun daga nan, duk sanda ƙwarƙwata ta dawo, galan ake ɗaukowa.

* * *

Hannun Barakatu ne ya fara rawa, daga baya ƙafa ta soma harɗewa. Aka ce iska ce. Aka sayar da akuya wajen neman magani, jaki ya bi ta, kafin Rabo ya goya 'yarsa a keken aro zuwa asibiti a Kankara. Ma'aikacin ya yi ta tambayar abin da take ci da abin da take sha, har zance ya zo kan gashi. Rabo ya ba shi labarin dabararsa, har da ɗan murmushi.

Mutumin ya ajiye alƙalami. A hankali ya faɗa masa cewa guba ce, ta fata take shiga ta taɓa jijiya, kuma abin da ta ɓata da wuya ya dawo.

A ranar Rabo ya binne galan ɗin a bayan gona. Ya gaya wa Hajaratu, suka yi kukansu a ɗaki. Barakatu dai ba wanda ya iya gaya mata.

* * *

Yanzu ta kai sha uku. Sa'o'inta suna daka suna zuwa rafi, ita ko ludayi ba ya kai mata baki da koko a ciki. Rabo ne ke riƙe mata kowace safiya kafin ya tafi gona, tana tsokanarsa wai ya fi Inna rowa, rabin ludayi yake cikawa.

Yau suna cikin haka ƙanwarta Larai ta zo ta tsuguna, tana susar kai da hannu biyu.

Barakatu ta yi dariya. "Baba, ina maganin nan naka? Ka sa mata mana. Ni dai ba wanda ya raba ni da su in ba kai ba."

"Ya ƙare, Uwata."

Ya ajiye ƙwaryar, ya jawo Larai tsakanin gwiwoyinsa. Rana ta ɗaga, maƙwabta sun daɗe da wucewa gona. Ya buɗe gashin da yatsunsa masu kaushi, ya matso da ido, ya shiga kamawa ɗaya bayan ɗaya yana murƙushewa da farce.