Gargaɗi Ɗari Uku da Goma Sha Takwas

Kwamfuta, caja, gorar ruwa, da takardu goma sha ɗaya. Abin da ke cikin jakar Zaharadeen ke nan sa'ad da ɗan acaɓa ya bar kwalta ya miƙi hanyar Gwiwa.

Takardun duk magana ɗaya ce. Shekara goma sha biyu da suka wuce malaminsa, Malam Haladu, ya rubuta manhajar da ofishin rigakafin dabbobi na Gwiwa ke amfani da ita don sanin garken da aka yi wa allura. Bana aka kawo sababbin kwamfutoci. Da aka sake harhaɗa manhajar, sai na'urar ta riƙa gargaɗi cewa wata alama da Malam ya yi amfani da ita ta tsufa, za a cire ta. Kowane layi sau biyu take faɗa. Wani a ofishin ya buga gargaɗin a takarda ya ƙirga: ɗari uku da goma sha takwas.

Hajiya Sadiyya, shugabar ofishin, ta bar Zaharadeen ya gama bayani. Ya ce ba kuskure ba ne, manhajar tana aiki, kuma rabin gargaɗin maimaici ne kawai. Ya ce ya rubuta wa masu harshen kwamfutar da aka rubuta manhajar da shi, a can ƙasar da ya yi karatu, sun amsa cewa za su gyara maimaicin, amma alamar sai ta tafi.

"Yaushe?"

"Ba su faɗa ba, Hajiya."

"To kai, in likita ya gaya maka abu sau biyu, kakan ce maimaici ne?"

Ya ce da layi ɗaya zai iya rufe bakin na'urar. Ta ce ba ta son maganin da ke ɓoye ciwo. Canza alamomin da gwada su zai ci wata biyu, allura kuwa ran Litinin za a fara. Kwamitin ofishin ya riga ya sayo manyan littattafan rajista da za su maye gurbin manhajar, suna jibge a bayanta.

Malam Haladu yana Roni, ɓarin jikinsa ya shanye. Duk Juma'a in Zaharadeen ya je gaishe shi, labarin manhajar yake fara tambaya.

Hajiya ta rako Zaharadeen bakin ƙofa, ta yi masa fatan sauka lafiya, ta rufe.

"Roni za mu?" in ji ɗan acaɓan.

"E," ya ce. "Zan gaya masa tana aiki."