Takalmin Hagu na Baba Direba

Baba Direba bai gama sauka daga dakalin ƙofarsa ba ƙafar ta ƙi shi, ya tafi ta gefe kamar buhun da aka jingina ba daidai ba. Baduku, maƙwabcinsa mai gyaran takalmi, ya yar da basilla ya tsallako kwata a guje. Shi da Inna, matar gidan, suka ɗago tsohon. Ba shi da nauyi, ciwon ƙirji ya cinye shi sai ƙashi.

Tsohon ko kallon gwiwarsa da ta goge bai yi ba, takalmin ya tsura wa ido.

"Wa ya taɓa min wannan?"

Baduku ya amsa cewa shi ne. Jiya Inna ta kawo a ɗinke maɗauri, ya ga dunduniyar ta hagu ta zaizaye ta gefe guda, sai ya sa mata sabuwar roba, ya daidaita ta tsaf. Alheri ya yi niyya.

"Ka yi gyaran gangar auzinawa, ɗan nan," in ji Baba, yana haki yana murmushi.

Kowa a layin ya san tafiyar Baba Direba. Tun lokacin da babbar motarsa ta kife jijiya ta mutu, tafin ƙafarsa ta hagu ya daina ɗagawa, sai dai ya yi reto. Amma ido ya saba, ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi yadda yake yi. Ranar ce tsohon ya bayyana wa Baduku, a zaune a kan dakali.

"Ƙafar nan ta mutu tun kafin ka yi gemu. 'Yan'uwanta ne ke ɗaukarta. Ƙugu ya ɗaga ta, gwiwa ta jefa ta, hannun dama ya buɗe ya tare ni. Wurin da ya zaizaye ɗin nan kuwa, nan take sauka. Kai kuma ka toshe mata masauki."

Inna ta ja Baduku gefe ta faɗa masa sauran. Likita ya ce a dawo da shi gida, ba abin da ya rage. Abu ɗaya yake so: ya je ƙarshen layi shagon ƙanensa Kafinta, wanda suka yi shekara da shekaru ba sa ga maciji saboda wata magana da ta fita a cikin fushi. An ce a kai shi a babur ya ƙi. An ce a kira ƙanen ya ƙi. Ya ce da ƙafarsa ya fito daga shagon nan, da ita zai koma. Ga shi kullum ƙarfi raguwa yake yi.

Baduku ya karɓi takalmin hagun. Ya koma rumfarsa ya zazzage kwandon shara har ya samo tsohuwar dunduniyar, ya ajiye ta a gabansa, ya ɗauki magagari. Tunda ya koyi sana'a bai taɓa zama ya lalata aikinsa da gangan ba. Ya goga ya gwada, ya goga ya gwada, har sabuwar robar ta karkace kamar ta da.

Da hantsi tsohon ya sa takalmin ya miƙe. Baduku ya kai hannu zai riƙe shi, Inna ta girgiza masa kai, sai ya bi shi a baya.

Nan ya ga abin da ya daɗe yana gani bai gani ba. Kafaɗa ta karkata, ƙugu ya ɗaga, matacciyar ƙafa ta zagayo ta gefe ta sauka daidai kan gogaggen wurin, hannun dama ya buɗe a lokacin da ake bukatarsa. Ba gaɓar da ta makara, ba wadda ta yi gaggawa. Jikin da numfashi ke neman gagararsa bai manta da ko ɗaya ba. Baduku ya ji bakinsa na ambaton Allah a hankali. Wani mai shago ya rage rediyo, masu wucewa suka ja baya.

Kafinta na tsakiyar yanka katako ya ji sautin, taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai jan ƙasa. Zarton ya tsaya tun kafin ya ɗago kai.

"Yaya," ya ce. "Da ƙafa?"

"Da me kake so in zo? Ba ni kujera, kafinta ba ya rasa kujera."

Abin da suka faɗa wa juna bayan nan ba wanda ya ji, don Baduku ya juya baya. Ya dai ji kuka, can kuma ya ji dariya. Da yamma Kafinta ne ya goyo yayansa zuwa gida, wannan karon tsohon bai yi musu ba.

Bai ƙara fitowa ba. Ya cika da rana tsaka, ƙanensa na zaune a gefen gado yana matsa masa ƙafar hagu, wadda ba ta jin matsa.

Bayan an share makoki Inna ta kawo takalman a leda, ta ce ba mai iya sa su, ya ga yadda zai yi da su. Baduku ya share kan bencinsa ya jera su. Na dama ya tsaya cak. Na hagu ya karkata a hankali, ya jingina da ɗan'uwansa.